Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Tulun Fure Don Adon Gida

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu son ajiye furanni a cikin gida, musamman waɗanda suka sayi tulu saboda kyansa, daga baya suka ga furanni sun ƙi zama a cikinsa yadda suke so. An fara da tambayoyi masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu buƙatar dogon bayani.

1. Mene ne bambancin tulun fure da tukunyar shuka?

Tulun fure mazubi ne da ake zuba wa ruwa a tsoma furannin da aka yanko daga jikin uwarsu, saboda haka gindinsa a toshe yake. Ita kuwa tukunyar shuka ƙasa ake zuba mata, shukar tana raye da saiwoyinta, kuma dole a huda gindinta domin ruwan da ya yi yawa ya tsiyaye. Wanda ya dasa shuka a tulu marar huji zai ga ganyenta ya fara rawaya, domin saiwa tana ruɓewa idan ta daɗe a cikin ruwan da ba ya tafiya. Duk bayanin da ke ƙasa a kan tulun yankakkun furanni yake.

2. Me ya kamata mutum ya fara dubawa kafin ya saya?

Kafin a kai ga launi da zane, mai saye ya san abu biyu: inda zai ajiye tulun, da irin furen da ya fi yawan samu. Idan ya san waɗannan, sai ya duba abu uku a jikin tulun kansa, wato faɗin bakinsa, da nauyin gindinsa, da kuma ko hannu ko burushi zai iya shiga cikinsa a wanke shi har ƙasa. Tulun da ya faɗi a ɗaya daga cikin ukun nan zai ƙare a kan kanta babu komai a cikinsa, komai tsadarsa da kyansa.

A ganina, baki ne ya fi sauran muhimmanci, kuma shi ne aka fi mantawa da shi, domin a wurin saye tulu babu fure a cikinsa, ido kuma jikinsa yake kallo. Akwai cikakken bayani a kan baki a tambaya ta 4, a kan nauyin gindi a ta 11, a kan wanki kuma a ta 14.

3. Yaya ake daidaita tsayin tulu da tsawon fure?

Ƙa'idar da masu shirya furanni suka saba bi ita ce tsawon furen, daga ƙarshen kararsa zuwa kansa, ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na tsayin tulun. Tulu mai tsayin santimita 20 ke nan zai dace da furanni masu tsawon santimita 30 zuwa 40. Idan furen ya zarce haka da yawa, nauyi yakan taru a sama, karan ya ranƙwafa a kan bakin tulun, ko ma tulun ya kife. Idan kuma ya gaza haka, sai kawunan furannin su nutse, a riƙa ganin tulu kawai.

Wannan awo jagora ne, ba doka ba. Akwai salon da ake yanke kara gajere da gangan domin kawunan furannin su kwanta a kan bakin tulu mai zagaye, su yi dunƙule guda. Abin lura dai shi ne dogon kara ana iya rage shi da almakashi, gajere kuwa ba a iya ƙara masa, don haka wanda yake shakka tsakanin tuluna biyu gara ya ɗauki wanda ya fi gajarta.

4. Me ya sa ake cewa faɗin baki ya fi komai?

Saboda bakin tulu ne yake riƙe furannin, shi ne kuma yake yanke yawan karan da ake buƙata kafin tulun ya cika. Idan baki ya yi faɗi sosai alhali furannin ba su da yawa, kowane kara yakan zame ya jingina da gefe, sai a ga rami a tsakiya, furannin sun watse kamar ba tare aka kawo su ba. Mutum yakan ɗauka furannin ne ba su da kyau, alhali laifin bakin ne. Idan kuma baki ya matse fiye da kima, sai a cusa karan da ƙarfi, su goge juna su ƙuje, ganyen da ke wuyan tulun ya murƙushe ya fara ruɓa.

Hanya mafi sauƙi ta gwadawa ita ce mutum ya tattara damin furen a hannunsa yadda yake son ya tsaya, ya dubi kaurin karan a daidai inda yatsunsa suka riƙe. Bakin da ya dace shi ne wanda ya ɗan fi wannan kaurin kaɗan, yadda karan za su shiga ba tare da matsi ba, su kuma samu abin jingina ta kowane ɓangare. Wannan ne dalilin da ya sa tulu mai ƙugu, wato mai faɗin ciki da matsattsen wuya da baki mai ɗan buɗewa, ya fi kowane iri sauƙin aiki ga wanda bai ƙware ba: wuyan yana yin aikin hannun da ya riƙe damin, cikin yana bai wa ƙarshen karan wurin bazuwa, bakin kuma yana barin kawunan su buɗe.

Maginan tuluna sun daɗe suna kokawa da wannan matsala. A ƙarshen ƙarni na 17, a garin Delft na ƙasar Holand, an riƙa yin tulunan fari da shuɗi masu hawa-hawa da ƙananan bakuna masu yawa, kowane baki na ɗaukar kara ɗaya ko biyu, yadda furanni kaɗan za su yi kama da masu yawa. Tulun gilashi da Alvar Aalto na ƙasar Finland ya zana a 1936 kuwa bakinsa lanƙwashe-lanƙwashe ne, kowane lungu yana riƙe nasa karan. Wanda ya riga ya mallaki tulu mai faffaɗan baki sai ya duba tambaya ta 12.

5. Wane fasali ne ya dace da wane fure?

Miƙaƙƙen tulu mai tsayi, wanda faɗinsa ɗaya ne daga ƙasa zuwa sama, ya dace da furanni masu dogon kara mai ƙarfi, irin su lili da giladiyolas da furen nan mai bin rana, da kuma rassan itace masu ganye. Wardi yana son tulu mai ƙugu. Furanni masu manyan kawuna, irin su haidiranjiya, sun fi kyau a gajeren tulu mai zagaye ko mai kusurwa huɗu, an yanke karansu gajere. Ɗan siririn tulu mai ƙaramin baki kuwa na fure ɗaya ne ko biyu, kuma yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin shi ke karɓar furen da ya karye daga dami ko wanda ya rage bayan sauran sun yi yaushi.

Tulif yana da nasa hali. Yana ci gaba da tsawo bayan an yanke shi, yana kuma karkata zuwa inda haske yake, saboda haka yana buƙatar tulun da zai tallafe aƙalla rabin kararsa, in ba haka ba a wayi gari ya sunkuya.

6. Gilashi ya fi ko tangaran?

Kowanne da inda ya fi. Gilashi ba ya tsotsar ruwa, ba ya riƙe wari, kuma yana nuna wa mai shi yawan ruwan da ya rage da lokacin da ya fara gurɓata, wanda hakan babban taimako ne ga mai mantuwa. Aibinsa yana nan a wurin da amfaninsa yake: ba ya ɓoye komai. Karan da suka harɗe, da ganyen da ya faɗa ruwa, da zoben datti a jikin gilashi, duk a fili suke. Haske kuma yana ratsa shi, wanda ke taimaka wa gansakuka fitowa idan ruwan ya daɗe.

Tangaran na asali ana yin sa da farar ƙasa mai laushi, a gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,200 zuwa 1,400 a ma'aunin Salsiyas, har ƙasar ta narke ta haɗe, ta zama ba ta shan ruwa. Yana ɓoye karan da duk wata dabarar da aka yi domin riƙe su, yawanci kuma ya fi gilashi marar kauri nauyi. Sai dai mai shi ba ya ganin ruwan, don haka dole ya saba leƙawa. Wanda ya san ba zai riƙa canza ruwa a kan kari ba, gilashi ne zai tuna masa; wanda kuma ganin karan yake ɓata masa rai, tangaran ko gilashi mai launi ne nasa.

7. Tulun yumɓu yana riƙe ruwa kuwa?

Ya danganta da yadda aka gama shi. Yumɓun da aka gasa a zafi marar tsanani, wajen digiri 1,000 zuwa 1,150, yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa kuma yana tsattsafowa ta cikinsu a hankali. Idan an shafe cikin tulun da ruwan ƙyalli aka sake gasa shi, kafofin sun toshe. Idan waje kawai aka shafe, ko ba a shafe ko'ina ba, gindin zai riƙa yin danshi, ya bar zobe a kan teburin katako wanda ba ya goguwa da sauƙi.

Gwajin ba shi da wuya. A cika tulun da ruwa, a goge wajensa ya bushe, a ɗora shi a kan busasshiyar takarda a bar shi ya kwana. Idan takardar ta jiƙe ko ta yi tattara, tulun yana tsattsafo. Ba sai an yar da shi ba; ana iya zura kwalba ko kofin gilashi a cikinsa ya riƙe ruwan, ko a mayar da shi na busassun furanni kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 15.

8. Tulun ƙarfe, na katako da na roba fa?

Ƙarfe yana da ƙarko kuma ba ya fashewa, amma baƙin ƙarfe yana tsatsa, tagulla da azurfa kuma suna dusashewa idan ruwa ya zauna a cikinsu, musamman ruwan da aka zuba wa garin raya fure, wato garin da ake haɗowa da damin fure domin ya daɗe bai yi yaushi ba, wanda akwai ɗan sinadari mai tsami a cikinsa. Katako yana kumbura ya tsage. Duka biyun an fi samun kwanciyar hankali da su idan aka saka musu mazubin gilashi ko na roba a ciki. Roba ba ta da nauyi, wanda ya sa take saurin kifewa, kuma tana karcewa, ƙwayoyin cuta su maƙale a cikin karcen.

9. Shin tulun kiristal ya cancanci a neme shi?

Kiristal gilashi ne da aka haɗa da sinadarin darma domin ya ƙara nauyi da sheƙi, ya kuma yi sauƙin sassaƙa. An fi danganta bunƙasarsa da George Ravenscroft na Ingila, wanda ya samu izinin mallakar fasahar gilashinsa a 1674, kuma a ƙa'idar Turai ba a kiran gilashi kiristal mai darma sai sinadarin ya kai kashi 24 cikin 100. Nauyinsa yana taimaka wa tsayuwar tulu, sassaƙar jikinsa kuma tana ɗan ɓoye karan. Bai fi gilashi na yau da kullum raya fure ba ko kaɗan, kuma ya fi shi saurin karcewa da tsagewa idan aka zuba masa ruwan zafi farat ɗaya. A wanke shi da hannu da ruwa mai ɗumi, kada kuma a mayar da shi abin adana abin sha.

10. Wurin da za a ajiye tulu yana da tasiri a kan zaɓe?

Ƙwarai kuwa. A kan teburin da mutane suke zama suna fuskantar juna, tulu da furensa gaba ɗaya kada su wuce wajen santimita 30, domin kada su tare fuskar wanda ake magana da shi. A kan kanta ko ƙaramin teburin da ke jingine da bango, tulu mai ɗan faɗi ta gaba da siranta ta gefe ya fi zama. Babban tulun da ake ajiyewa a ƙasa yana son kusurwar da ba a wucewa, kuma ya kamata a tuna cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tulun da ke cin lita goma ba abin da za a riƙa ɗagawa kowane kwana biyu ba ne. Irin wannan ya fi dacewa da busassun rassa.

Yankakken fure ba ya son rana kai tsaye, ko iskar fanka da ta na'urar sanyaya ɗaki, ko kusantar abin da ke fitar da zafi, domin duk suna sa shi zubar da ruwa fiye da yadda yake sha. Ba ya kuma son kusantar 'ya'yan itatuwa masu nuna, saboda iskar etilin da suke fitarwa tana gaggauta tsufansa. Akwai kuma haɗari guda da ba kowa ya sani ba: tulun gilashi mai zagaye da aka cika da ruwa yana iya tattara hasken rana wuri ɗaya har ya ƙona labule ko takarda, saboda haka kada a bar irinsa a bakin tagar da rana take bugawa.

11. Akwai yara ƙanana ko kyanwa a gidan. Me za a kiyaye?

A zaɓi gajeren tulu mai faffaɗan gindi mai nauyi, wanda idan aka ɗan tura shi da yatsa daga sama zai koma mazauninsa maimakon ya tafi. Ana iya ƙara masa nauyi da wankakkun tsakuwa a ƙasa. Kada a ɗora tulu a kan mayafin tebur mai reto wanda yaro zai iya ja.

Game da kyanwa, matsalar ta wuce ta fashewar tulu. Furen lili guba ne gare ta, ganyensa da garin da ke tsakiyarsa da ma ruwan da aka tsoma shi a ciki, kuma ɗan kaɗan yana iya lalata mata ƙoda. Gidan da ke da kyanwa gara ya haƙura da lili gaba ɗaya, domin babu tsayin kantar da kyanwa ba ta hawa.

12. Na riga na sayi tulu mai faffaɗan baki. Yaya zan sa furanni su tsaya?

Dabara mafi sauƙi ita ce a goge bakin ya bushe, a gicciya siraran salatif marar launi a kansa, wasu a tsaye wasu a kwance, su yi ƙananan gidaje da za a zura karan a ciki. Idan tulun ba gilashi ba ne, ana iya dunƙule ragar waya a saka a ciki. Wata hanyar ita ce a fara jera rassa masu ganye a gicciye, su zama abin da furannin za su jingina da shi. Ga tulu mai kama da faranti mai zurfi, masu ikebana, wato fasahar jera furanni ta ƙasar Japan, suna amfani da kenzan, wani ɗan faifai mai nauyi da aka kafa wa allurai a sama, a soke karan a kansu su tsaya a duk karkatar da ake so.

Akwai kuma koren soson nan da ake jiƙawa a soka furanni, wanda ya shigo sana'ar a shekarun 1950. Yana riƙe kara da kyau, amma roba ce, ba ta ruɓewa, tana kuma marmashewa ta bi ruwa. Saboda haka ne ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya da ke shirya baje kolin furanni na Chelsea ta hana amfani da shi a bukukuwanta daga 2021. Don amfanin gida, ragar waya tana yin aikin, kuma ana wanke ta a sake amfani da ita.

13. Ruwa nawa ake zubawa, kuma sau nawa ake canza shi?

Rabin tulu zuwa kashi biyu cikin uku ya isa ga yawancin furanni, a kuma canza shi duk bayan kwana biyu, ko kullum idan ana zafi. Abin da ke kashe yankakken fure da wuri shi ne ƙwayoyin bakteriya da suke hayayyafa a cikin ruwan, su toshe ƙananan jijiyoyin da kara ke jan ruwa da su, sai furen ya mutu da ƙishirwa alhali yana tsaye a cikin ruwa. Don haka a cire duk ganyen da zai shiga ruwa, a kuma yanke santimita 2 zuwa 3 daga ƙarshen karan a karkace da wuƙa mai kaifi a duk lokacin da aka canza ruwan. Garin raya fure da ake haɗowa da dami ya ƙunshi sukari, da sinadari mai tsami, da maganin ƙwayoyin cuta. A bi awon da aka rubuta a jikinsa.

Wannan yana da alaƙa da zaɓen tulu ta fuska biyu. Tulu mai ƙaramin ciki yana ƙarewa da ruwa cikin yini guda idan furannin masu yawan sha ne. Sannan furen dafodil yana fitar da wani ruwa mai yauƙi da ke cutar da wasu furanni, musamman wardi da tulif, don haka yana buƙatar tulunsa daban.

14. Yaya ake wanke tulu, musamman mai matsattsen wuya?

A wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi da zarar an zubar da furannin, domin dattin da ya bushe a ciki shi ne zai gurɓata ruwan damin da zai biyo baya. Ma'aunin da ya dace shi ne tulun ya yi tsabtar da mutum ba zai ƙyamaci shan ruwa a cikinsa ba. Ga mai matsattsen wuya ana buƙatar burushin wanke kwalba mai dogon hannu. Farin zoben da ruwa mai yawan ma'adinai yake bari yana narkewa idan aka jiƙa shi da ruwan khal na 'yan sa'o'i, ɗigon bilic kaɗan a cikin ruwa kuma yana kashe ƙwayoyin cuta. Kada a taɓa haɗa khal da bilic wuri ɗaya, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba. Bayan an ɗauraye, a kife tulun ya bushe kafin a adana shi.

15. Idan busassun furanni ko na roba za a saka, ƙa'idojin sun canza?

Maganar riƙe ruwa ta faɗi, don haka yumɓu marar ƙyalli da katako da saƙaƙƙen mazubi duk sun shigo. Maganar baki da tsayi kuwa tana nan yadda take a tambaya ta 3 da ta 4. Tunda babu nauyin ruwa, sai a zuba busasshen yashi ko tsakuwa a gindin. Tulun da ba ya nuna ciki ya fi, domin wayar da ke cikin karan furen roba ba abin nunawa ba ce.

16. Tuluna nawa gida yake buƙata?

Uku sun isa ga mafi yawan gidaje: matsakaici mai ƙugu wanda tsayinsa ke tsakanin santimita 20 da 25, dogo miƙaƙƙe guda ɗaya, da ɗan siriri na fure ɗaya. Idan ɗaya kawai za a saya, na farkon za a ɗauka, mai launin da ba ya jan ido sosai, kamar fari ko toka-toka ko gilashi marar launi, domin tulu mai zane da yawa yana gasa da furen da aka saka masa.

17. Ana iya zuba ruwa a tsohon tulu na gado, ko wanda ya tsage aka liƙe?

Gara a kiyaye. Tsohon tulu sau da yawa yana da siraran tsagu a jikin ƙyallinsa, ruwa kuma yana bi ta cikinsu ya shiga jikin ƙasar, ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita, ko ya saki gam ɗin da aka yi gyara da shi. A zura masa mazubi a ciki kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 7, a sa ɗan ƙyalle mai laushi a ƙarƙashin mazubin don kada ya karce gindin. Idan ana son sanin ko akwai tsaga a ɓoye, a ɗan ƙwanƙwasa bakin da farce: lafiyayyen tangaran yana amo mai tsawo, tsagagge kuwa amonsa a dushe yake. A ɗauke shi da hannu biyu, ɗaya a ƙarƙashin gindi, ba ta baki ko ta mariƙi ba.

Wanda yake zaton tulunsa tsoho ne mai daraja kada ya dogara da tambarin da ke gindinsa kaɗai. Tangaran fari da shuɗi na garin Jingdezhen a ƙasar Sin ya yi suna a zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, amma masu yin tangaran na zamunan da suka biyo baya sun ci gaba da buga tambarin sarakunan da suka gabata a kan sababbin kayansu, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don yaudara. Tantance shekarun irin wannan tulu aikin ƙwararru ne, kuma kafin a kai musu shi kada a goge shi da wani sinadari ko a yi ƙoƙarin gyara shi a gida.